Idan Magani Ya Ƙare, Jinya Ba Ta Ƙare Ba



Malamai, alhazai da hajiyoyi, shugabannin ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati masu ci da waɗanda suka ajiye aiki, ƴan uwana maza da mata: ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma gode muku da kuka rufe shago, kuka bar biro, kuka zo sauraren maganar da ba kowa ke son a tayar da ita ba. Maganar ita ce ta ciwo mai tsanani wanda likita ya ce ba ya warkewa, da abin da ya wajaba mu yi ma mai shi tun daga ranar da aka faɗi haka har ranar da Allah ya yi ikonsa.

Babu wani a wannan zaure da bai san kalmar nan ba: "Ku koma da shi gida." Ana faɗin ta a hankali, a bakin ƙofar ɗakin jinya, ga babban ɗa ko ga ƙanen majinyaci, kuma ma'anarta a fili take: abin ya fi ƙarfin asibiti. Sai a nemi mota, a shimfiɗa katifa, a koma Madawa ko Tasawa ko Mirya, a kwantar da shi a ɗakin ƙurya. Daga nan sai nishi da dare, matan gida suna kwana zaune, ana tura yara gidan maƙwabta don kada su ji. Masu zuwa dubiya su ce "Allah ya sawwaƙe", su ajiye ɗan abin da ya samu, su fita. Wani ya yi wata biyu a haka, wani ya shekara.

Abin da na zo in gaya muku guda ɗaya ne. Mafi yawan wannan azaba ana iya kawar da ita, da magani mai arha wanda duniya ta san shi sama da shekara 200, da hannun ma'aikatan da muke da su a yau, a cikin ɗakin majinyaci na kansa. Ajali na Allah ne, ba mu da ta cewa a cikinsa. Amma raɗaɗin da ke gabansa, a wannan akwai hannunmu.

Mece ce jinyar sassauci?

Aikin da nake magana a kai, masu Faransanci na ce masa "soins palliatifs". Da Hausa bari mu kira shi jinyar sassauci, wato jinyar da ba ta yi alkawarin warkar da cuta ba, amma ta ɗauki nauyin sassauta wahalar da cutar ke jawowa. Wadda ta kafa harsashinta a wannan zamani wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya, ta koma aikin taimakon jama'a a asibiti, daga baya ta karanci likitanci. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a birnin Landan domin waɗanda asibitoci suka sallama. Ta lura da abin da kowace tsohuwa a garinmu ta sani, ta kuma mai da shi ilimi, cewa ciwon majinyaci bai tsaya ga jiki ba. Akwai zafin jiki. Akwai tsoro da baƙin ciki. Akwai damuwar gida, wato wa zai ci da iyali, wa zai biya kuɗin lekol. Akwai kuma abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wanda ya kula da ɗaya ya bar sauran, bai gama jinya ba.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan jinya ta mai shaƙuwar mutuwa ce kaɗai. Tana da amfani ga mai kansa, wato ciwon daji, tun ranar da aka gano cutar, ga mai ciwon ƙoda da mai ciwon zuciya, ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ga mai sida, ga wanda wuta ta ƙona, da kuma yaron nan mai amosanin jini wanda ke birgima idan ciwon ƙashi ya tashi. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da maganin warkarwa, ba ta kore shi. A 2010 likitocin wani babban asibiti na birnin Boston a Amurka sun buga sakamakon bincike kan mutum 151 masu kansar huhu wadda ta riga ta yaɗu. Aka raba su gida biyu: wasu aka yi musu maganin kansa kawai, wasu aka haɗa musu da jinyar sassauci tun daga farko. Na biyun sun fi samun natsuwa, baƙin cikinsu ya ragu, kuma matsakaicin kwanakin da suka yi ya kai wata 11 da rabi, alhali na farkon bai cika wata 9 ba. Ke nan sassauta ma majinyaci ba sallama shi ba ne.

Lissafin duniya

Ku ƴan kasuwa da ma'aikata mutanen lissafi ne, to ga lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 57 ne ke bukatar wannan jinya kowace shekara, kuma waɗanda ke samun ta ba su wuce kashi 14 cikin 100 ba. Mafi yawan masu bukatar suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A 2017 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya auna yadda ake rarraba morfin da danginsa a duniya. Cikin kusan tan 300 da ake amfani da shi a shekara, abin da ya iso ƙasashe matalauta duka jimilla bai wuce kashi ɗaya cikin goma na tan guda ba, wato kilo 100. Rabin ƴan Adam mafi talauci suna samun kashi 1 cikin 100 na maganin. Kwamitin ya kuma lissafa cewa dalar Amurka miliyan 145 a shekara za ta toshe wannan giɓi na morfin a duniya baki ɗaya idan aka saye shi a kan farashi mai sauƙi, kuma abin da ya ɗara dala miliyan 1 kaɗan zai ishi dukkan yaran ƙasashe matalauta masu fama da raɗaɗi.  Saboda haka kada a ce mana talauci ne kaɗai ya hana.

Ba kuma rashin yarjejeniya ba ne. Morfin na cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya tun jerin farko na 1977. A watan Mayu na 2014, a Janeba, babban taron hukumar, wanda ƙasarmu ke cikinsa, ya amince da ƙuduri mai lamba 67.19, wanda ya nemi kowace ƙasa ta shigar da jinyar sassauci cikin tsarin lafiyarta, tun daga manyan asibitoci har zuwa jinyar gida. An sa hannu, an tafa, an watse. Saura aiki.

Maganin da ake tsoro

Morfin ana samo shi daga ƙaron wani fure, kuma wani mai haɗa magani Bajamushe ne ya fara tace shi a farkon ƙarni na 19. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ake kira tsani mai hawa 3. Hawa na farko shi ne na ciwo mai sauƙi, inda farasitamol da ire-irensa suka isa. Na biyu na matsakaicin ciwo ne, inda ake shiga kodin da makamantansa. Na uku shi ne na ciwo mai tsanani, kuma nan babu abin da ya kai morfin. Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce: a sha ta baki, a sha kan lokaci. Ruwan morfin yana aiki na awa 4, don haka ana ba da shi kowace awa 4 tun kafin ciwon ya dawo, maimakon a jira sai majinyaci ya yi ihu. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa sannu sannu har a kai gwargwadon da ya kwantar da ciwon ba tare da ya gusar da hankali ba. Lahaninsa da aka fi sani shi ne taurin ciki, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Da wannan tsari ana kwantar da raɗaɗin mafi yawan masu kansa.

To me ya sa muke gudunsa? Na farko, ana cewa mutum zai zama ɗan ƙwaya. Tsoron nan yana da tushe, domin mun ga abin da tramol ya yi ma samarinmu, masu kabu-kabu da masu dako da ƴan ga-ruwa. Amma ku dubi abin da kyau. Tramol ɗin da ke cikin tire a tasha, mai ƙarfin 200 ko 225, ta ɓarauniyar hanya ya shigo, babu takardar likita, babu littafin lissafi, kuma mai lafiya ke shan sa don ya yi aikin mutum biyu. Ruwan morfin da ake ba dattijuwa mai kansar mama a cokali, ƙarƙashin kulawar majo, kowace kwalba a rubuce, wani abu ne dabam. Halin da muka samu kanmu a ciki shi ne ƙwayar da ke haukata matasa tana ko'ina, maganin da zai kwantar ma iyayensu da ciwo kuwa sai an sha wuya a gan shi. Mun kulle ƙofar da ba ta nan ɓarawo ke shiga ba.

Na biyu, ana cewa morfin yana gaggauta mutuwa. Wannan zato ya samo asali daga yadda ake ɓoye maganin sai a daren ƙarshe, majinyaci ya sha ya cika da asuba, sai a ɗora ma maganin laifi. Wanda aka fara ba shi da wuri, daidai gwargwado, yakan yi watanni yana shan sa, yana cin abinci, yana barci, wani ma har ya koma zaman ƙofar shago.

Na uku, ana cewa Musulmi sai haƙuri. Gaskiya ne, kuma babu mai musun ladan haƙuri. Amma malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ba mu taɓa jin wanda ya ce a tsaga cikin mace a ciro jariri ba tare da allurar kashe zafi ba wai don ta samu lada. Wanda ciwo ya sa yana cizon matashi ba ya iya tsai da salla, ba ya iya jan carbi, ba ya gane masu gaishe shi. Idan aka sassauta masa, sai ya samu bakin kiran sunan Allah.

Abin da Yuganda ta yi

Wani zai ce wannan duk zancen ƙasashen Turawa ne. To bari in kai ku wata ƙasa ta Afirka wadda, kamar tamu, ba ta da bakin teku, kuma mafi yawan mutanenta manoma ne. A 1993, lokacin da sida ke kisa ba ƙaƙƙautawa a Yuganda kuma maganin kashe kaifinta bai iso ba, wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa yin shekaru tana aiki a Nijeriya, ta kafa ƙungiyar Hospice Africa Uganda a Kampala. Ta gindaya ma hukuma sharaɗi ɗaya kafin ta fara: a yarda a shigo da garin morfin. Ministan lafiya na lokacin ya yarda.

Dabarar tasu ita ce ba sa sayen ƙwaya ko allura mai tsada daga Turai. Garin suke saye, su auna shi, su dama da ruwa mai tsabta, su sa ɗan sinadarin da ke hana shi lalacewa, su sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da marar ƙarfi, kore shi ne marar ƙarfin. A shekarun farko a ɗakin girki ake haɗa shi, ana ɗurawa a kwalaben ruwan sha da aka wanke. Arharsa ta kai ana kwatanta kuɗin maganin kwanaki da kuɗin burodi guda. Ma'aikatan jinya ke ɗaukar sa su bi majinyata har gida, su koya ma iyali yadda za su auna da yadda za su rubuta lokaci. Don taurin ciki sukan yi amfani da busasshen ƙwayar gwanda da aka daka. Gyambon kansa mai wari, wanda ke sa dangi su guji ɗaki, sukan barbaɗa masa garin ƙwayar Flagyl, cikin ƴan kwanaki warin ya ragu, jikoki su dawo kusa da kakarsu. A 1998 suka buɗe rassa a garuruwan Mbarara da Hoima.

Sai suka ci karo da matsalar da muka sani: doka ta ce likita kaɗai ke rubuta morfin, likitoci kuwa suna birni, majinyata suna ƙauye. A 2004 gwamnatin Yuganda ta gyara doka, ta ba ma'aikatan jinya da mataimakan likita waɗanda suka yi horo na musamman na wata 9 izinin rubuta shi. Ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Tun 2011 ana haɗa ruwan morfin na ƙasar duka a wuri ɗaya a Kampala, ma'ajiyar magunguna ta gwamnati tana rarraba shi, gwamnati ke biya, majinyaci yana karɓa kyauta. Bayan shekara 30 da wannan aiki, ruwan morfin bai zama kayan maye a titunan Kampala ba, domin tsarmamme ne, ana kuma lissafa shi daga ma'ajiya har bakin majinyaci. Har yanzu Yuganda ba ta kai ga dukkan masu bukata ba, amma ta nuna hanya, Ruwanda ma ta kafa tata siyasar jinyar sassauci a 2011. Likita Merriman ta rasu a Kampala a 2025.

Mu ƙasashen da Faransa ta yi ma mulkin mallaka muna da wani ƙarin nauyi da muka gada, wato tsofaffin dokokin magunguna masu tsanani. A 2013 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki Senegal ta tarar cewa morfin na sha a Dakar kaɗai ake samun sa, kuma takardar magani ba ta wuce ta kwana 7 ba, ta yadda mai ciwo a can ƙuryar ƙasa sai ya yi tafiya kowane mako. Ita Faransar da aka kwaikwayo ta daɗe da sassauta nata dokokin, har a watan Yuni na 1999 ta kafa doka wadda ta mai da jinyar sassauci haƙƙin duk majinyacin da ke bukatar ta. Ku ɗora wannan a kan taswirar ƙasarmu: daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500, daga Maraɗi sama da 600, daga Damagaram kusan 900. Duk maganin da sai a babban birni ake samun sa, ga mutumin Gure ko Dakoro daidai yake da babu.

Maƙwabci ma ma'aikacin lafiya ne

Magani kaɗai ba ya juya majinyaci a kan gado, ba ya wanke masa jiki, ba ya zama da matarsa ta samu ta runtsa. A nan darasin yana jihar Kerala ta kudancin Indiya. A 1993 wasu likitoci suka buɗe ɗakin kula da masu raɗaɗi a garin Kalikut, suka kuwa gane da wuri cewa ba za su iya kaɗai ba. A 2001 aka kafa tsarin maƙwabta, wanda ya fara ƙarfi a gundumar Malappuram, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne. Ana koya ma mutanen unguwa, malaman makaranta da direbobi da masu shago, yadda ake gano majinyacin da ke kwance a gida, yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, yadda ake sauraren sa, da lokacin da ya kamata a kira ma'aikacin jinya. Mafi yawan kuɗin aikin daga ƙananan gudummawa yake fitowa, akwatuna a shaguna da rufi ɗaya a rana daga gidaje. A 2008 gwamnatin jihar ta mai da abin siyasar hukuma.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san zumunci a ƙafa yake, muna da dubiya, muna da adashi, muna da gayya. Abin da ya rage shi ne a ƙara ma dubiya ilimi da tsari, ta tashi daga gaisuwar minti biyar ta zama aiki.

Kira ga ma'aikata

Ƙasarmu ta yi ƙoƙari a wasu fannoni, kuma gaskiya ce a faɗa. A 2006 an ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. A 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta samu na'urar gasa kansa da haske, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Amma da yawa daga masu kansa ba sa isowa asibiti sai cuta ta ci jiki, kuma ko an yi musu abin da za a yi, gida za su koma. Can gidan ne ba mu shirya musu komai ba. Ga abin da nake roƙon ku, ku da takardun ƙasa ke bi ta hannunku.

Na ɗaya, lissafin shekara. Bisa yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, kowace ƙasa tana aika ma hukumar sa ido da ke Biyana ƙiyasin morfin da za ta bukata a shekara mai zuwa, kuma ba ta da ikon shigo da abin da ya wuce wannan ƙiyasi sai ta nemi ƙari. A ƙasashe da yawa ma'aikaci yakan kwafi adadin bara, na bara kuwa an kwafo shi daga na bara waccan, lokacin da ba wanda ke rubuta maganin. A haka alƙalami guda ke yanke ma dubban mutane hukuncin kwana da ihu. A yi ƙiyasin bisa yawan majinyata.

Na biyu, a shigo da garin morfin ta hannun ONPPC, a haɗa ruwansa a nan gida, a kai shi asibitocin jihohi da na gundumomi. Masu ilimin haɗa magani muna da su.

Na uku, a duba dokar rubuta shi. A zaɓi majo-majo na CSI, a horar da su, a ba su izini da littafin lissafi, a kuma sa tsawon kwanakin takardar magani ya yi daidai da nisan ƙauyukanmu. Wanda ya ci amana a hukunta shi shi kaɗai, kada a hukunta majinyata a madadinsa.

Na huɗu, a sa wannan darasi cikin karatun likitoci a jami'o'inmu da makarantun koyon aikin jinya na Yamai da Damagaram. Ma'aikacin da ba a koya ma auna ciwo ba zai ci gaba da tsoron maganinsa har ya ajiye aiki.

Kira ga ƴan kasuwa da iyalai

Alhazai, ku ne ake buga ma ƙofa idan ciwo ya kama wani a dangi, ku ne kuma kuka fi kowa sanin abin da yake ci. An sayar da gona, an sayar da shanu, an taɓa uwar kuɗi, an tafi Kano, an tafi Tunis ko Alƙahira ko Indiya, an dawo da majinyaci ya fi da rauni, gida kuma ya zama kango. Ba na hana kowa neman magani inda yake. Abin da nake cewa shi ne, kafin a sa hannu a takardar cinikin gona, a zauna da likita a tambaye shi ƙeƙe da ƙeƙe: wannan tafiya warkewa za ta kawo, ko ƙarin kwana, ko kuwa don hankalinmu ya kwanta ne kawai? Likitoci kuma su ji tsoron Allah su ba da amsa.

Haka nan a daina ɓoye ma majinyaci halin da yake ciki idan ya nemi sani. Jiki magayi ne, ya riga ya ji a jikinsa, ɓoyewar tana ƙara masa kaɗaici ne kawai. Ɗan kasuwa yana da bashi a kansa, yana bin wasu, akwai ajiyar marayu a hannunsa wadda ba a rubuta ko'ina ba. Ma'aikaci yana da takardun fansho da na fili waɗanda shi kaɗai ya san inda suke. Shari'o'in gado nawa ne a gaban alƙalai waɗanda da ba su taso ba, da a ce mamacin ya samu mako biyu cikin hankalinsa ba tare da raɗaɗi ba, ya kira ƴaƴansa ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wanda ya ɓata ma? Ba a fafe gora ranar tafiya. Faɗin gaskiya yana da ladabi, ana yin sa sannu, gwargwadon abin da mutum ya nema, amma kwanakinsa ne, shi ya fi cancanta ya san yadda zai kashe su.

Sannan ga abin da aljihunku zai iya tun gobe, ba sai an jira doka ba. Kowace ƙungiyar kasuwa, ta masu hatsi, ta masu atamfa, ta masu mota, ta buɗe asusun majinyatan unguwa. Abin da ake bukata ba shi da yawa: man babur da zai kai majo gidan majinyaci sau ɗaya a mako, katifa da leda, sabulu da bandeji, tiyar gero ga gidan da mai ciyar da shi ya kwanta. Ku nemi majon unguwarku ya koya ma matasa da mata goma yadda ake juya majinyaci da wanke gyambo. Ku tuna da matan da ke jinya, domin kusan kullum mace ce ke ɗauke da wannan kaya, ta bar sana'arta, wani lokaci a fitar da ƴarta daga lekol don ta taya ta. A samu masu karɓar ta ko da yini ɗaya a mako. Wanda kuma yake da hannu a cinikin tramol ya sani cewa, bayan samarin da yake lalatawa, shi ne yake ba hukuma hujjar ƙulle maganin da mahaifiyarsa za ta bukata wata rana. Malamai da limamai, ku ma ku ba mu minti biyar a huɗuba, domin kalma ɗaya daga bakinku ta fi takarda ɗari daga ma'aikata.

Ƴan uwa, kowace shekara ranar Asabar ta biyu ta watan Oktoba duniya na tunawa da jinyar sassauci. Ina fata kafin ta zagayo a samu ko da unguwa ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Tawa, ɗaya a Yamai, wadda ta ƙidaya majinyatanta da ke kwance a gida, ta san sunan majon da ke zuwa duba su, ta kuma rubuta ma daraktan lafiya na jiha tana tambayar inda morfin yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuka yi tambaya a rubuce, da sa hannun ƴan kasuwa da na ma'aikata a takarda guda, za a ba ku amsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka ma masu jinyarsu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani.